Karas, kabewa da amon ƙoshi: nazarin makaɗan kayan lambu na Biyana

Duk wanda ya taɓa tara jarka a bakin famfo ya san sa'ad da ta kusa cika, ko da ya ba ta baya yana hira. Amon ruwan yakan fara da kauri, ya riƙa hawa a hankali yana siranta, har hannu ya kai kan famfo da kansa. Hawan nan ba tsalle yake yi daga murya zuwa murya irin na madannan fiyano ba. Silalewa yake yi, yana ratsa duk muryoyin da ke tsakani, waɗanda fiyano ba shi da su. Iskar da ta rage a saman ruwa ita ce ke amsa amon, kuma gwargwadon ƙanƙancewarta gwargwadon hawan muryar. Wanda ke son kiɗa ya yi maganar ƙoshi, da nauyin ciki, da takurar da ke biyo bayan cin da ya wuce kima, daga bakin famfon nan ya kamata ya fara.

Lamarin da za a duba na wata ƙungiya ne a Biyana, babban birnin Ostiriya, wadda aka kafa a 1998. Sunanta na Jamusanci yana nufin ƙungiyar makaɗan kayan lambu ta farko a Biyana. Mutum goma ne ko kusa da haka, maza da mata, kuma ba su da kayan kiɗan da ake ajiyewa a akwati. Ranar wasa sai su shiga kasuwar garin da suka sauka, su zaɓo karas, kabewa, kokwamba, tattasai, kabeji, albasa da dogon yalon nan na Turawa, su zauna da wuƙaƙe da injin huda na kafintoci su sassaƙa abin da za su busa da abin da za su buga. Kayan na wasa ɗaya ne. Bayan an tashi, ana raba wa 'yan kallo miyar kayan lambu. Sun fitar da faifai a 1999, 2003, 2010 da 2018.

Ƙungiyar ba ta keɓe kanta ga batun yawan ci ba. Kiɗanta ya taɓo salo da dama, daga kwaikwayon kiɗan na'ura zuwa hayaniya tsantsa. Abin da ya sa ta cancanci nazari a nan shi ne matsalar da take fama da ita a kowane dandali: kayanta ba sa riƙe murya. Karas ɗin da aka daidaita da la'asar ba shi ne ake busawa bayan isha ba. A cikin wannan zamewar akwai kusan duk abin da mai tsara kiɗan takurar jiki yake buƙata, kuma ana iya auna shi da rula da manhajar auna murya ta waya.

Ma'aunin da za a yi aiki da shi

Turawa sun raba tazarar da ke tsakanin murya da ninkinta, misali daga karkarwa 440 a sakan, wato yawan kaɗawar iskar da ke ba da muryar, zuwa 880, gida goma sha biyu daidai wa daida. Mu kira babbar tazarar zango, kowane gida kuma taki. A shekarun 1880 Alexander Ellis, ɗan Ingila, ya ƙara raba kowane taki gida ɗari, ya kira kowane gida sent. Zango guda sent 1200 ke nan. Kiɗan ƙananan tazara shi ne wanda ke zama da gangan tsakanin taki da taki. Alois Hába na ƙasar Cek ya rubuta kiɗa da rabin taki, wato sent 50, a shekarun 1920, Harry Partch kuwa a Amurka ya raba zango gida 43, ya ƙera kayan da za su iya furta su. Waɗannan sun fara da lissafi ne, sannan suka nemi kayan da zai yi wa lissafin biyayya. Makaɗan Biyana ta ɗaya ƙofar suka shigo: abinci ne ke yanke muryar, su kuma su bi. Shi ya sa ba sa dogara da rubutun kiɗa na gargajiyar Turai, wanda ke cewa a buga murya kaza. Nasu rubutun zane ne da alamomi da ke nuna wa zai shigo, a wane lokaci, da wane kaya.

Sassaƙa

Mafi sauƙin abin busa shi ne karas mai rami ɗaya, toshe a ƙasa, wanda ake hura iska a gefen bakinsa kamar kwalba. Ana neman karas miƙaƙƙe, mai tauri, kaurinsa ya kai santimita uku da rabi ko huɗu. A yanke kansa a shafe, a kafa bakin huda mai faɗin milimita 12 a tsakiyar zuciyarsa, a shiga a hankali, ana fito da bakin lokaci-lokaci ana karkaɗe dusar. Gaggawa ce ke ɓata yawancin karas: bakin ya kauce ya ɓullo ta gefe, ko dusa ta cushe ta tsaga bangon. Tsagar da ido ba ya gani ta isa ta kashe amon gaba ɗaya, domin iska tana zurara ta nan. Idan an hura aka ji huci kawai ba murya, a fara duba bango kafin a zargi leɓe.

Lissafin muryarsa ba shi da wuya. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan idan zafin iska digiri 20 ne. Bututun da aka toshe gefe ɗaya yana ba da muryar da ake samu in an raba wannan gudu da ninki huɗu na tsawonsa. Sai dai iskar da ke karkarwa takan ɗan leƙo waje da bakin ramin, saboda haka ana ƙara wa tsawon kusan kashi shida cikin goma na rabin faɗin ramin, wato milimita 3.6 a nan. Rami mai zurfin milimita 100 yana aiki ne kamar mai 103.6, muryarsa ta faɗa wajen karkarwa 828 a sakan. Leɓen mai busa idan ya rufe wani ɓangare na bakin zai ƙara sauke ta kaɗan.

Abin lura a nan: milimita ɗaya tak a wannan zurfin yana canza muryar da kusan sent 17. Milimita uku kusan rabin taki ne. Hannun da ke riƙe da injin huda a kan karas mai santsi ba zai iya alkawarin milimita ɗaya ba. Karas biyar da aka huda da niyyar su zama murya ɗaya, muryoyi biyar ne maƙwabtan juna tun kafin kowa ya hau dandali.

Na biyu shi ne karas mai ramukan yatsu, irin sarewar makaranta. Ana huda shi ya zarce, a yanka taga kamar santimita biyu ko uku daga sama, a gyara gefenta na ƙasa ya yi kaifi, sannan a sassaƙa toshi daga wani karas, a shafe gefensa guda don ya bar siririyar hanyar iska da ba ta fi milimita ɗaya zuwa biyu ba. Ramukan yatsu ana fara su ƙanana, milimita huɗu, ana buɗawa a hankali, domin buɗa rami yana ɗaga murya kuma abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa. Raunin wannan sarewa yana wurin kaifin tagar. Da zarar ya jiƙe ya yi laushi, muryar ta fara dishewa, kuma yawu da ruwan karas sukan toshe hanyar iskar a tsakiyar busa.

Sauran kayan a taƙaice: akwai abin busa mai jikin kokwamba, bakin sama na karas, bakin ƙasa na tattasai a buɗe kamar na algaita. Akwai wata albasa mai dogon wuya da ba ta yin kai, wadda ake gogawa ta ba da ƙara mai tsini. Yalo ana tsaga shi a tsaye ba a raba ba, a kaɗa shi ya yi tafi. Kabewa ita ce ganga.

Abin da ke faruwa bayan an fara busa

Abu uku ne ke jan muryar, kuma ba tare suke tafiya ba.

Zafi shi ne na farko. Kowane digiri ɗaya da iskar cikin ramin ta ƙaru yana ɗaga murya da kusan sent 3. Kayan lambu a sanyi ake ajiye su don kada su yanƙwane, numfashin mutum kuma ya haura digiri 30, ga fitilun dandali a sama. Idan iskar ramin ta ƙaru da digiri goma, murya ta hau sent 30. Wanda ake busawa yana ɗumama, wanda ke kan tebur yana jiran lokacinsa yana nan da sanyinsa. Karas biyu da suka fita daga hannun masassaƙi a murya ɗaya, bayan 'yan mintoci za a iske tsakaninsu akwai bambancin karkarwa goma sha huɗu a sakan.

Na biyu ruwa ne, kuma shi ne mafi ban sha'awa. Kusan kashi 88 cikin ɗari na karas ruwa ne, kokwamba kuwa ta kai 95. Bangon da aka huda yana tsattsafowa, tururin numfashi yana zama raɓa ya gangara. A rami mai faɗin milimita 12, ɗigo biyu kacal, wato kashi ɗaya cikin goma na mililita, suna cin kusan milimita ɗaya na zurfin, su ɗaga murya da sent 15. Jarkar nan ce ta dawo a tafin hannu. Karas yana cika, muryarsa tana hawa, kuma mai busa ba shi da yadda zai yi sai dai ya kifa shi ya zubar, muryar ta faɗo lokaci guda.

Na uku bushewa da laushi. Fitila tana ƙafar da ruwan da ke naman kayan lambu, bango yana saki. Bango mai laushi yana shanye sauti maimakon ya mayar da shi, saboda haka amon yana raguwa, yana yin duhu, yana neman ƙarin iska, ƙarin iskar kuma ta sake ɗaga murya. Kokwamba ce ke fara sarewa. Karas ɗin da ya yi yaushi ana iya farfaɗo da shi a ruwan sanyi, ya sha ya miƙe, amma ramin ba zai koma daidai yadda yake ba, sai an sake auna shi.

Inda takurar take

A nan ne yawancin masu gwada irin wannan kiɗa suke kuskure. Suna ɗauka murya da ta faɗa tsakanin taki da taki ita ce abin ƙyama. Ba haka ba ne. Duk wanda ya saba sauraron makaranta Alƙur'ani na Masar ya sha jin salon rera karatu da ake kira bayati, wanda hawansa na farko yake wajen sent 150, taki ɗaya da rabi, kuma babu abin da ya kai shi sanyaya zuciya. Kalangu ma, wanda tun asali kiɗan mahauta ne, a hammata ake matsa shi muryarsa tana silalewa yadda harshe ke yi, ba wanda ya taɓa cewa ya ɓata masa ciki. Tazarar da ba ta fiyano ba ba ta da laifi idan muryoyin bi da bi suke zuwa.

Takura tana zuwa ne idan muryoyi biyu maƙwabta suka fito a lokaci guda. Sai su riƙa ƙarfafa juna suna danne juna, kunne ya ji amo ɗaya da ke kumbura yana saɓewa. Yawan wannan bugu a sakan daidai yake da bambancin karkarwarsu: 828 da 834 suna ba da bugu shida. Bugu ɗaya zuwa uku a sakan kamar numfashi ne ko lilo. Daga shida zuwa goma sha biyar ya zama rawar ɗari. Idan ya wuce ashirin kunne ya daina ƙirgawa, ya koma jin kaushi, kamar yashi a cikin tuwo. Hermann von Helmholtz, masanin kimiyya ɗan Jamus, a littafinsa na 1863, ya sa ƙololuwar kaushin a wajen bugu talatin da 'yan kai. A 1965 Plomp da Levelt a Holan suka nuna wurin ba tsayayye ba ne, yana tafiya da kaurin muryar ko sirantarta.

Wannan yana da amfani a aikace. Rabin taki a murya mai kauri, wajen karkarwa 110, bugu uku ne kawai, abin da jiki ke ji kamar juyin ciki. Rabin takin nan a wajen 440 bugu goma sha uku ne. A wajen 828 ya kai ashirin da huɗu, ya shiga kaushi. Tazara ɗaya, ji uku daban. Mai tsara kiɗan da ya rubuta sent kawai bai kula da inda muryar take ba, bai san abin da ya rubuta ba.

Akwai ƙari. Idan aka busa muryoyi biyu masu tsini da ƙarfi, kunne da kansa yana ƙirƙiro ta uku, mai kauri, daidai da bambancin biyun. Giuseppe Tartini, mai goge na Italiya, ya bayyana ta tun ƙarni na 18. Karas mai zurfin milimita 100 da mai 85 suna ba da 828 da 968, bambancinsu 140. Wannan gurnani ba daga dandali yake fitowa ba, a cikin kan mai sauraro yake, ko ya juya kai yana nan. Babu dabarar da ta fi wannan kusa da halin wanda ya ci ya wuce wuri, domin shi ma abin da ke damunsa a cikinsa yake, ba wurin gudu.

Kabewa da ciki

A Biyana ɗin nan ne, a 1761, likita Leopold Auenbrugger ya wallafa hanyar ƙwanƙwasa ƙirjin majinyaci da yatsu don a ji ko iska ce a ciki ko ruwa. Ana cewa ya koyi abin ne a masaukin baƙi na mahaifinsa a Graz, inda ake ƙwanƙwasa gangunan giya a san iya inda suka cika. Har yau likita yana ɗora yatsa a kan cikin da ya kumbura ya buga: inda iska ta taru ya amsa kamar ganga, inda ruwa ko abinci yake ya yi dum, a mace.

Kabewa tana yin duka biyun. Wadda ba a fafe ba amonta gajere ne, mai nauyi, ba ya tashi, irin na cikin da aka cika da tuwo. Idan aka buɗe mata baki aka kwashe 'ya'ya da zare, sai ta sami murya, irin ta cikin da iska ta kumbura. Muryar tana bin girman kogon da faɗin bakin: a ninka kogon sau biyu, murya ta sauka rabin zango, sent 600. A faɗaɗa bakin, ta hau. A rufe rabinsa da tafin hannu ana bugawa, ta sauka a silale. A zuba mata ruwa kofi-kofi, ta riƙa hawa har ta shaƙe. Matan da ke kiɗan ƙwarya a kan ruwa sun san wannan da hannunsu, domin iskar da aka bari ƙarƙashin ƙwaryar ita ke sauya amonta.

Shi kuma tumbin mutum yana da nasa ƙidayar. Yana ɗaukar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cin abinci na yau da kullum, yana iya miƙewa ya ninka haka in an matsa masa. Bangonsa yana matsawa sau uku a minti, wato kowane sakan ashirin. Walter Alvarez ya auna wannan motsi ta fatar ciki a 1922, kafin nan Walter Cannon ya rubuta a 1905 a kan ƙugin ciki da hanji da ya saurara. Lokacin tashin zuciya wannan tsari yakan rikice, sau da yawa ya yi sauri. Mai tsara kiɗa zai iya aron wannan ma'auni na sakan ashirin. Aro ne na lokaci, ba magani ko guba ba: kabewar da ke kumbura sau uku a minti ba za ta juya wa kowa tumbi ba, amma tana ba kiɗan tafiyar da ta yi jinkiri fiye da numfashi, kuma jinkirin da kansa nauyi ne.

Yadda za a tsara minti takwas

Daga abin da lamarin Biyana ya nuna, ga tsarin da zai yi aiki da mutum biyar. A huda karas huɗu masu toshi, duka faɗin milimita 12, zurfinsu 100, 99, 97 da 85. A lissafi za su ba da kusan 828, 836, 852 da 968. A tanadi biyu-biyu na kowanne, a naɗe na ajiya a jiƙaƙƙen ƙyalle. Kabewa ɗaya fafaffiya, da butar ruwa a gefenta.

Minti biyu na farko na ci ne. Mai 100 shi kaɗai, busa mai tsabta, ga tauna ɗanyen kabeji da karas kusa da makirufo, a tsare, kamar kiɗa. A nan ya kamata abin ya yi daɗi da gaske. Kiɗan ƙoshi da ya fara da muni ya yi ƙarya, domin ba wanda ke wuce kima a abincin da ba ya masa daɗi, santi ne ke kai mutum can. Sautin tauna yana da ƙarfi a kan mutane fiye da yadda ake zato: Charles Spence da Massimiliano Zampini sun nuna a Okusfod a 2004 cewa ƙara ƙarar ƙurus-ƙurus a kunne tana sa mutum ya ji soyayyen dankali ya fi sabunta. Akwai kuma mutanen da ƙarar taunar wani ke tayar musu da hankali sosai, don haka ya dace a sanar da 'yan kallo tun a ƙofa.

A minti na uku mai 99 ya shigo, bugu takwas a sakan. Kabewa ta fara, ba da duka ba, da gogar tafin hannu da ke tashi ta kwanta kowane sakan ashirin. Daga nan ba wanda zai zubar da ruwan da ya taru a karas ɗinsa. A bar su su cika. Tauna ta ci gaba amma ta rage sauri, tazarar da ke tsakanin loma da loma tana tsawo.

A minti na biyar mai 97 ya shiga. Tsakaninsa da na farko bugu ashirin da huɗu, tsakaninsa da na biyu goma sha shida, ga takwas ɗin farko ba su tafi ba. Bugu uku da ba sa haɗuwa a ƙidaya, shi ne cushewar. Ana zuba wa kabewa ruwa, kumburinta ya matso daga sakan ashirin zuwa goma. Mai 85 ya zo a minti na bakwai, da ƙarfi, na ɗan lokaci, don gurnanin cikin kunne. Kada ya wuce sakan talatin ko arba'in, domin murya mai tsini da ƙarfi tana gajiyar da kunne da wuri, kuma ciwon kunne wani abu ne daban da nauyin ciki. A ƙarshe masu busa su kifa karas ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, muryoyin su faɗo, a bar kabewar da ta cika da ruwa ta yi bugu biyu ko uku a mace.

Lambobin nan mafari ne. Da zafi da ruwa sun shiga, takwas za ta iya zama biyar ko goma sha biyu. Abin da ake rubutawa a takarda shi ne tsarin shigowa da haramcin gyara, sauran karas ne zai cika.

Makirufo da abin da ke lalata aikin

Kayan lambu ba su da ƙara. Ba don makirufo da mai kula da sauti ba, ƙungiyar Biyana ba za a ji ta a bayan layi na uku ba, shi ya sa injiniyan sauti ɗaya ne daga cikin makaɗan, ko da ba a ganinsa. Ɗaga ƙarar makirufo da yawa a dandali ɗaya yana jawo kuwwar lasifika, kuma kogon kabewa shi ne ke fara kamawa, a daidai muryarsa. Maganin shi ne a kusanto da makirufo, a rage lasifikar da ke fuskantar makaɗa, a yanke duk abin da ke ƙasa da karkarwa ɗari daga layin karas. Makirufon da ake mannawa a jikin kabewa a sa shi cikin balan-balan ko siririyar leda, in ba haka ba ruwa ya shige shi ya fara tartsatsi.

Kurakurai uku suna kashe ainihin abin da aka sha wahala a kansa. Na'urar da ke daidaita ƙarfin sauti, idan aka sa ta mai saurin kamu, tana shafe kumburi da saɓewar bugun, ta mayar da shi shimfiɗaɗɗe. Manhajar gyaran murya, wadda ɗakunan ɗaukar waƙa da yawa ke barinta a kunne, tana jan kowane karas zuwa taki mafi kusa, mai 100 da mai 99 su koma abu ɗaya. Na ukun ya fi ɓuya: idan aka tura karas ɗaya kunnen dama, ɗaya na hagu, mai sauraro da abin kunne ba zai sami bugun sosai ba, domin muryoyin ba su gauraya a iska ɗaya ba. Duk muryoyin da ake so su yi kokawa a ajiye su wuri guda a tsakiya. Sannan a tuna lasifikar waya ba ta fitar da kaurin kabewa. Wanda zai saki aikin a intanet ya ɗauki gogar fatarta da ƙarar ruwan da kyau, su ne za su tsira.

Tukunya

Tambayar almubazzaranci ba abin kaucewa ba ce, kuma daidai ne a yi ta. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa don mutane, tan biliyan 1.3 a shekara, yana salwanta. Kusa da wannan, kwandon karas ba komai ba ne, amma ƙanƙantar abu ba ta wanke shi, musamman ga aikin da ke ikirarin yana magana a kan haɗama. Miyar da ake rabawa a ƙarshen wasa ita ce amsar da ta fi kowace magana, da sharaɗin a yi ta da tsabta.

Tsabtar tana farawa ne kafin wuƙa ta taɓa komai. A wanke kayan duka, a wanke sabon bakin huda da sabulu don yana zuwa da man inji a jikinsa, a raba tebur biyu: abin da aka yanke aka ajiye kafin busa na tukunya ne, abin da ya taɓa baki ko ƙasan dandali na takin gona ne. Ramin karas ɗaya dusar da yake fitarwa ba ta wuce giram goma sha biyu ba, saboda haka ba ita ke cika tukunya ba. Abin da ke cika ta shi ne naman kabewar da aka fafe, kawuna da wutsiyoyin da aka datse, da duk karas ɗin da ya tsage ko bakin huda ya ɓullo masa ta gefe, waɗanda a hannun sabon masassaƙi sukan fi masu kyau yawa.

Lokacin ɗora tukunyar ma yana cikin tsarin kiɗan. Ƙamshin albasa a mai yana tayar da yunwa, yunwa kuma kishiyar abin da minti takwas ɗin nan ke ginawa ce. A dafa miyar da wuri a wani ɗaki, a rufe ta, a bar ƙofar a rufe har kabewa ta yi bugunta na ƙarshe, sannan a shigo da kofuna.